Daga Karfi Zuwa Gadon Asibiti

A watan Satumba na 2024, 'yan sanda biyar suka rasu a hatsarin mota a Karfi, cikin ƙaramar hukumar Kura, a kan titin Zariya zuwa Kano. Suna hanyar dawowa ne daga aikin zaɓen gwamnan Edo, sun kwana suna tafiya, saura ƙiris su shigo gari. Wasu da dama suka jikkata.

Mu mazauna Darmanawa, da ke maƙwabtaka da Asibitin Malam Aminu Kano, mun san yadda ake kawo irin waɗannan majinyata. A bayan motar sintiri ta hukumar kiyaye haɗurra, ko a motar wani bawan Allah, ƙafa a karye an ɗaure da kwali da rawani. Direba na ta oda, masu adaidaita sahu sun cushe Gyadi-Gyadi, jini kuwa ba ya jiran kowa.

A Jamus kuwa, tun 1970 birnin Munik ke da jirgi mai saukar ungulu na ɗauko waɗanda suka yi hatsari, da likita a ciki. Likitan ke zuwa bakin titi, ya tsayar da jini, ya buɗe hanyar numfashi, sannan a tashi. A ganina wannan ya fi saurin jirgin muhimmanci, kuma motar asibiti mai ƙwararren ma'aikaci za ta iya yin sa tun daga Karfi.

Idan hatsari ya faru, lambar kiran hukumar kiyaye haɗurra 122 ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta haramta wa asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa, ko da kaki ko babu.