Haɗarin Muhalli a Ma'aunin Banki da Ma'aunin Fiƙihu: Misali Daga Kano

Gabatarwa

Wanda ya hau Goron Dutse ya dubi tsohon birnin Kano zai ga gine-gine a wuraren da dā kududdufai ne masu haɗiye ruwan sama. Cike su na daga cikin dalilan ambaliyar da ke cin gidaje da damina. A wajen ganuwa kuma, masana'antun jima na Bompai, Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna sakin gurɓataccen ruwa mai sinadarin kuromiyam. Na Bompai yana bin rafin Getsi zuwa Jakara, inda ake noman rani da shi. Yawancin irin waɗannan ayyuka suna buƙatar jari, don haka ya dace a san abin da mai ba da jarin yake dubawa.

Yadda ake aunawa

A shekarar 2012 Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa bankuna ƙa'idoji tara na banki mai ɗorewa, ciki har da tantance illar kasuwancin abokin hulɗa ga muhalli da jama'a. A watan Satumba na 2023 kuma kwamitin ƙasa da ƙasa na TNFD ya fitar da shawarwarinsa, tare da hanyar bincike mai matakai huɗu: gano inda kamfani yake aiki, auna dogaronsa da halittu da tasirinsa a kansu, ƙiyasta haɗarin, sannan shirya mataki da bayar da rahoto.

A ɗauki majema misali. Tana dogara da ruwa, da fatun dabbobin da ke buƙatar makiyaya. In ɗaya ya yi ƙaranci, riba ta ragu. Tana kuma cutar da kogi, wanda zai iya jawo mata tara ko rufewa daga hukumar NESREA, ko masu saye a Turai su juya mata baya. Game da alkawuran kamfani, mai bincike yakan tambaya: an sa adadi da wa'adi? An ware kuɗi? Wane mai zaman kansa ne ya tabbatar? Alkawarin da ya rasa waɗannan, ado ne kawai.

Mahangar fiƙihu

Wannan ma'auni ya fi damuwa da asarar da za ta komo kan mai jari. Fiƙihu kuwa yana hana cutarwa ko da ba ta taɓa riba ba. Malaman Malikiyya sun yi bayanin hana hayaƙi da warin majemu da ke cutar da maƙwabta, kamar yadda Ibnur Rami na Tunis ya tattara a littafinsa kan hukunce-hukuncen gini.

Lamarin ya fi nauyi a kan bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. A murabaha, banki yana mallakar kaya kafin ya sayar. A ijara, injin mallakarsa ne. A musharaka, abokin tarayya ne a riba da asara. Saboda haka ba zai ce shi mai ba da rance ne kawai ba.

Kammalawa

Tsarkake yarjejeniya daga riba da garari wajibi ne, amma bai wadatar ba idan aikin yana lalata ruwan da talaka yake sha. Ya kamata kwamitocin Shari'a na bankuna su riƙa neman rahoton tasirin muhalli kafin su sa hannu, a kuma sanya tace gurɓataccen ruwa cikin sharuɗɗan yarjejeniya. Ɗaliban fiƙihun mu'amalat su ma suna buƙatar koyon karanta irin wannan rahoto, domin hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa. Allah ne Mafi sani.