Hurumin Kotu a Kan Jinkirin Manyan Madatsun Ruwa a Ƙasar Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata tambaya da ba kasafai ake yin ta ba, watau: idan gwamnati ta karɓe gonakin jama'a da sunan gina madatsar ruwa da shimfiɗa aikin noman rani, sa'an nan aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, shin kotu tana da ikon tilasta a gama shi? Tambayar ba ta mutanen karkara kaɗai ba ce. Magidancin da ke zaune a Kwaciri yana sayen tumatirin Kadawa da shinkafar Kura a kasuwar Sabon Gari, ruwan famfon birnin Kano kuwa daga kogunan Kano da Challawa ake jawo shi, waɗanda duk madatsu ne ke sarrafa su.

An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, domin ta shayar da Aikin Noman Rani na Kogin Kano. Kashin farko na aikin an tsara shi a kan hekta 22,000 ne a yankin Kadawa da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Ita madatsar ba ta ci lokaci ba, magudanan da za su kai ruwa gona su ne suka maƙale, har aka shiga sabon ƙarni ba a cika kashin farko ba. Madatsar Challawa sai a 1992 aka kammala ta. Daga baya, a 2014, Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 domin gyara da ƙarasa irin waɗannan ayyuka, ciki har da na Kogin Kano da na Kwarin Haɗeja da na Bakolori.

A duk tsawon wannan lokaci, ba kotu ce ta riƙa bibiyar aikin ba. Dalilan kuwa suna cikin doka.

Na farko shi ne zamanin da aka haifi ayyukan. Bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da bai yi wa gwamnatin soja daɗi ba a shari'ar Lakanmi, sai aka kafa Dokar Soja ta 28 ta 1970, wadda ta hana kotuna tuhumar ingancin dokokin soja. A ƙarƙashin wannan inuwa aka gina Tiga da Bakolori. Ko da farar hula suka karɓi mulki, Tsarin Mulkin 1979 ya sanya alhakin gwamnati na raya tattalin arziki da samar da abinci a Babi na Biyu, amma sashe na 6(6)(c) ya ce kotu ba za ta bincika ko an cika wannan alhaki ba. Tsarin Mulkin 1999 ya gaji wannan sashe yadda yake. Ke nan alƙawarin ban ruwa ga hekta kaza ba bashi ba ne da alƙali zai karɓo wa manomi. Kuɗin aiki kuma majalisa ce ke ware shi a kasafi, kotu ba ta umurtar majalisa ta ware.

Na biyu shi ne batun wanda ya cancanci ya kai ƙara. A shari'ar Sanata Abraham Adesanya ta 1981, an fahimci Kotun Ƙoli da cewa sai wanda abu ya taɓa haƙƙinsa na ƙashin kansa ne zai shigar da ƙara. Bisa wannan ma'auni, magidancin Kwaciri da tsadar kayan miya ta dama ba shi da bakin magana, domin abin da ya same shi ya sami kowa. An sassauta wannan a hankali, musamman a 2018, lokacin da Kotun Ƙoli ta yarda wata ƙungiyar kare muhalli ta yi ƙarar kamfanin mai na ƙasa a kan malalar mai, ko da yake ba gonarta aka ɓata ba.

Inda kotu take da ƙafar tsayawa sosai shi ne batun diyya, kuma a nan ne jinkiri ya fi cin talaka. Labarin Bakolori ya isa misali. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina madatsar a kan Kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka gama ta a 1978. Domin a baje ƙasa a haƙa magudanai, sai aka hana manoma shuka gonakinsu, wasu damina biyu, wasu fiye. Manomin da ya rasa damina ɗaya ya rasa abincin shekara, balle a jera. Diyyar ta yi jinkiri, rabon gonakin da aka gyara ya rikice, mutane suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta faɗi adadin mamata kaɗan, masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne.

Mai karatu zai ce, me ya hana su zuwa kotu maimakon tare hanya? Ban da nisa da tsadar lauya, akwai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Wannan doka ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta taƙaita diyya ga abin da aka gina ko aka shuka a kanta, ba ita ƙasar kanta ba. Sashe na 30 ya ce saɓani a kan yawan diyya kwamitin rabon filaye za a kai wa, wanda gwamnan ne ke naɗa shi. Sashe na 47(2) kuwa ya fito fili ya ce babu kotun da za ta duba ko diyyar ta wadatar. Watau wanda ya karɓi gonar shi ne ya zaɓi masu raba gardama. Sai a 1986, a shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wannan sashe ya saɓa wa Tsarin Mulkin 1979, wanda sashensa na 40 ya wajabta biyan diyya ba tare da ɓata lokaci ba, ya kuma ba mai dukiya damar zuwa kotu. Wannan hukunci yana da nauyi ƙwarai, sai dai ya zo bayan an riga an binne mutanen Bakolori da shekara shida.

Akwai abin da jama'a kan ɗauka kotu ce alhali ba ita ba ce, watau kwamitin bincike na shari'a. Madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, cikin Jihar Bauchi, an ba da kwangilarta zamanin Shehu Shagari, aka soke a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka sake sokewa a 1994 tare da kafa irin wannan kwamiti. Ko da alƙali ne ke shugabancinsa, shawara kurum yake bayarwa, gwamnati ta ga dama ta karɓa, ta ga dama ta ajiye. Har ila yau, Kafin Zaki ta nuna cewa ba kowane jinkiri ne sakaci ba. Mutanen Yobe da Borno da masu noma da su da kiwo a fadamun Haɗeja da Nguru sun daɗe suna kukan cewa Tiga da Challawa sun rage musu ambaliyar da suke rayuwa a kanta, madatsa ta uku kuwa za ta ƙarasa su. Alƙalin da za a roƙa ya hanzarta aikin, wani zai roƙe shi ya tsayar.

An ga haka a ƙasar Indiya, inda Kotun Ƙoli ta saba riƙe shari'a a buɗe tana neman rahoto lokaci bayan lokaci. An kai ƙarar madatsar Sardar Sarovar ta Kogin Narmada a 1994, aikin ɗaga bangonta ya tsaya a 1995. A watan Oktoba na 2000 kotun ta yarda a ci gaba, amma mataki mataki: ba za a ƙara tsawon bango ba sai hukumomin da aka ɗora wa alhaki sun tabbatar an sake wa waɗanda ruwa zai ci matsuguni. Sai a 2017 aka ƙaddamar da madatsar. Mutanen da aka tasa ba su gamsu da yadda aka cika sharaɗin ba, amma dai ya zama sharaɗi a rubuce wanda za su koma kotu da shi.

A Nijeriya ko manomi ya ci shari'ar diyya, da sauran rina a kaba. Dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara a kan aikin jami'i, ko da yake kotuna sun keɓe wasu shari'o'in ƙasa da na kwangila daga wannan wa'adi. Idan kuma aka zo karɓar kuɗin da kotu ta yanke daga hannun jami'in gwamnati, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce sai da yardar Babban Lauyan Gwamnati, wanda sau da yawa ofishinsa ne ya kare gwamnatin a shari'ar.