Ƙwarin Lambu da Lafiyar Gidanka

Kai mai lambu a bakin gulbi, ko a Gusau ko a Bunguɗu, da kai mai 'yan itatuwan mangwaro a Tsafe, ka san ɓarnar tsutsa da ɗarɓa. A 2016 tsutsar nan ta tumatir, watau sharon, ta cinye lambuna a Kano da Katsina. To, kashe ƙwaro wajibi ne, amma maganin kwalba dafi ne. Mu ma'aikatan ɗakin magani mu kan ga aikinsa a jikin mutane.

Fara da abin da ke ƙofar gidanka. Daka 'ya'yan dogon yaro busassu rabin kilo, jiƙa su cikin ruwa lita 10 su kwana, tace, sa ɗan sabulu, ka yayyafa da maraice, har ƙarƙashin ganye inda ƙwarin ke ɓuya. Maimaita kowane mako. Ba ya kashe su nan take, hana su ci ya kan yi, sai ka yi haƙuri. Shukar da ta kamu da cuta kuwa, tuge ta ka ƙone.

In lalle sai ka sayi na kwalba, rufe hanci da baki, ka ba iska baya. Kada ka juye shi cikin kwalbar lemo, gama yaro ba ya tambaya. In wani ya sha, za ka ga zufa da amai da dalalar miyau. Kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai. A kai shi asibiti maza, a tafi da kwalbar.