Kafin a Ƙara wa Tsohuwar Rikoda Sifika

A gidaje da yawa a zangonmu akwai tsohuwar rikoda, National ko Sharp, tana ajiye a kan kabad ƙura ta rufe ta. Kaset ya yi wuyar samu a kasuwa, amma amfilifayar da ke cikinta tana nan da ranta. Shi ya sa samari ke kai ta wurin mai gyaran rediyo a sa mata ɗan ƙaramin allo mai karɓar Bluetooth da memori, sai ga ta tana ɗaukar karatu ko waƙa daga wayar hannu. Wannan gyara ne mai kyau. Matsala tana farawa ne ranar da mai ita ya ce ƙarar ba ta ishe shi ba.

Abin da aka saba yi shi ne a jona sifika biyu ko uku a kan waya ɗaya. To, 'yan'uwa, ku duba bayan sifika, za ku ga an rubuta om 8 ko om 4. Wannan lamba tana nuna yadda sifikar take tare wa wuta hanya. In an haɗa masu om 8 guda biyu, jar waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma 4. In huɗu ne, sun koma 2. Daga nan amfilifayar za ta riƙa jan wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi, ta ƙone. Haka tawa ta mutu ana gobe suna a gidanmu, ni da ke koya wa yara wannan lissafi a aji!

A ganina, wanda ke son murya mai kauri ya fara da akwatin. Takardar sifika tana tura iska ta gaba da ta baya. In an bar ta tsirara, iskar baya ta zagayo ta kashe ta gaba, sai ka ji gangar ta ɓace, saura ƙara kamar ta gwangwani. Masu kifa sifika a bakin tulu ko randa ba wauta suke yi ba: tulun yana tsare iskar baya, kuma yumɓu ba ya karkarwa kamar roba. Akwatin katako mai kauri, wanda kafinta ya toshe duk wata kafa tasa aka kuma shimfiɗa auduga a ciki, ya fi tulu. A matsa shi kusa da bango, kaurin ya ƙaru, ba a biya ko sisi ba.

Sai kuma juyin waya. In sifikar dama tana turawa ta hagu tana ja, kaurin ya ragu. A ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5 a taɓa bakin kowace sifika na ɗan lokaci: inda kan batirin ya sa takardar ta fito waje, nan ne wurin jar waya.

Waya mai tsada da ake tallarta, a ɗaki ɗaya ban ji bambancinta da wayar tagulla mai ɗan kauri ba.

In rikodar tana gurnani ko da an rage murya, galibi kafasitocinta ne suka bushe don tsufa. Wannan aikin mai gyara ne, domin manyansu sukan riƙe wuta ko bayan an zare soket.