Aikin Ƙashin Baya da Tsoron Keken Guragu

A Katsina, da zarar an ji likita ya ambaci aiki a ƙashin bayan wani, kafin magariba dangi sun gama yanke hukunci: kada a yarda. Daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa hujjar ɗaya ce. Baya ba a taɓa shi, wanda aka tsaga wa baya sai keken guragu, a je a yi ta gashi har Allah Ya kawo sauƙi. Iyayenmu da yayyenmu ne ke faɗin haka, kuma ƙauna ce ke sa su faɗa. Da izininsu, ina da ja.

Ciwon da nake magana a kai shi ne gocewar ƙashin ƙugu. Ƙasusuwa 5 ne a ƙugu, kowane na zaune bisa ɗan'uwansa, sai ɗaya ya zame gaba. Ga matasa, yawanci 'yar tsagewa ce a bayan ƙashi na biyar ke jawo shi. Ga manya kuwa, musamman mata da suka haura 50, gaɓoɓin ne ke cinyewa da shekaru, na huɗu ya zame a kan na biyar. Tun 1932 wani likitan Amurka, Henry Meyerding, ya kasa gocewar mataki huɗu, kuma mafi yawan masu ciwon suna mataki na farko ne, wato ƙashin bai zame fiye da rubu'in faɗinsa ba.

Dattawa sun yi gaskiya a wuri guda: akasarin masu wannan ciwo ba sa bukatar wuƙa. Likitoci a Kagoshima ta ƙasar Japan sun bi mutum 145 da ba a yi wa aiki ba, na aƙalla shekara 10, suka fitar da sakamako a 2000. Cikin 110 da jijiyoyinsu ke lafiya tun farko, 84 sun ƙare lafiya lau. A Ostareliya ma, a 1997, Peter O'Sullivan ya koya wa marasa lafiya atisayen ƙarfafa naman ciki da na baya na mako 10, kuma bayan wata 30 sauƙin na nan. Sai dai a lura da irin gashin da ake nufi. Fitila mai zafi da man shafawa suna da daɗi a jiki, amma abin da ke riƙe ƙugu shi ne atisayen da mutum zai yi da kansa kullum a ɗaki, har da rage tumbi ga mai shi. Kuma babu gashin da ke mayar da ƙashin mazauninsa. Mai ɗori ma, duk gwanintarsa a karayar hannu da targaɗe, yatsunsa ba za su kai can ba, dannawa da ƙarfi kuwa tana iya ƙara ɓarna.

Wancan binciken na Japan yana da kashi na biyu da ba a son ji. Mutum 35 sun zo jijiyoyinsu sun riga sun matsu, aka ba su shawarar aiki, suka ƙi. A cikinsu 29 jiki ya ƙara lalacewa. Alamar wannan rukuni a ƙafa take fitowa. Mutum ya yi 'yar tafiya sai cinyoyi da sha-raɓa su yi nauyi ko su mutu, dole ya nemi dakali. Tsayuwar tarawihi ta gagare shi, amma da ya yi ruku'u sai ya ji sanyi a ransa, domin sunkuyo yana buɗe hanyar jijiyoyin, miƙewa tana tsuke ta. Wani kuma silifa ke zame masa bai sani ba, saboda tafin ƙafar ya daina ɗagawa.

Masu irin wannan ciwon ƙafa aka duba a babban binciken SPORT na Amurka, wanda ya fito a 2007 daga asibitoci 13, da mutum sama da 600. Binciken bai fita tas ba, domin da yawa waɗanda ƙuri'a ta ba gashi sun koma an yi musu aiki, wasu kuma na aiki sun fasa. Amma da aka auna kowa da abin da aka yi masa a zahiri, waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙin ciwo da ƙarfin tafiya bayan shekara 2.

To ina gurguncewar? Laka, wadda yankewarta ke shanye rabin jiki, tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na ɗaya ko na biyu. Daga nan ƙasa jijiyoyi ne a warwatse kamar wutsiyar doki, gocewar kuwa can ƙasa take, a na huɗu da na biyar. Wannan ba ya nufin aikin wasa ne. Ana iya zubar da jini, miki na iya ruɓewa, jijiya na iya samun rauni, wani ma sai an sake komawa, kuma likitan da ya ɓoye maka waɗannan bai kyauta ba. Amma shanyewar ƙafafu gaba ɗaya abu ne mai wuyar aukuwa a wannan aiki. A ganina, labaran keken guragu da ke yawo a unguwa sun cakuɗa mutane daban-daban: wanda ya karye a hatsarin mota a hanyar Kano, da wanda tarin fuka ya ci masa ƙashin baya, da wanda ya shekara yana jan ƙafa kafin a kai shi asibiti. Jijiyar da ta daɗe a matse ba lallai ta farfaɗo ba ko an buɗe mata hanya. Idan irin wannan ya dawo gida bai tashi ba, sai a ɗora wa likita laifin jinkirin da aka yi a gida.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa a fili ba, wato kuɗi. Sau da yawa "muna tsoro" na nufin "ba mu da shi", kuma wannan ba abin kunya ba ne, domin ƙarafan da ake ɗaure ƙasusuwa da su suna da tsada ƙwarai. To ga abin da ya kamata mai gida ya sani kafin ya sa gona a kasuwa: aikin iri biyu ne. Akwai buɗe wa jijiya hanya kawai, akwai kuma buɗewa haɗe da ɗaure ƙasusuwan da ƙarfe. Binciken Suwidin na 2016 da na Norway na 2021 sun nuna cewa ga yawancin manya masu gocewar tsufa, buɗewar kaɗai ta wadatar, ko da yake wani ƙaramin bincike na Amurka a 2016 ya ɗan fifita ƙarfen. Saboda haka ba rashin ladabi ba ne ka ce, "Likita, ni nawa sai da ƙarfe? Me ya sa?" A nemi hoton eksire a tsaye, da na sunkuyo da na miƙewa, don a ga ko ƙashin na motsi. In zuciya ba ta kwanta da abin da aka ji a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Janar Amadi Rimi ba, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ba nisa, a ji ta bakin likita na biyu.

Mai ciwon baya zalla, ko ciwon ƙafa da bai hana shi harkokinsa ba, ya ba gashi na gaskiya wata 3 zuwa 6 kafin a yi zancen wuƙa. Wanda ƙafarsa ke ƙara rauni, ya koma wurin likita cikin makon. Wanda kuwa fitsari ya riƙe masa ko yake zubo masa bai sani ba, ko ya yi tsarki ya ji matsematsinsa sun mutu, a sa shi a mota zuwa asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, kada a jira taron dangi.