Yadda Ake Gwada Sitaci a Cikin Ganye

Duk wanda ya zauna ajin Bayoloji ya ji an ce ganye shi ne madafar tsiro, da hasken rana kuma yake haɗa abincinsa. To, ta yaya aka sani? Wani Bajamushe mai suna Julius von Sachs ya nuna haka a shekarun 1860, kuma hanyarsa ce muke bi a ɗakin gwaje-gwaje har yau.

Kayan aikin ba su da tsada. Waken da ka shuka cikin gwangwanin madara a bayan gidanku, ko a Kakuri ne ko Narayi, ya isa. Sai aidin, da sipirit, da kwalbar gwaji, da baƙar takarda.

Da farko a ajiye tsiron cikin duhu kwana 2. Nan ne yawancin ɗalibai suke gaggawa, alhali a nan gwajin yake tsayuwa ko ya faɗi. Cikin duhu tsiron yakan cinye sitacin da ya tara. Idan ba a yi haka ba, aidin zai nuna tsohon sitaci na shekaranjiya, kai kuwa ka ɗauka na yau ne. Bayan haka a rufe tsakiyar ganye ɗaya da baƙar takarda, sama da ƙasa, a fitar da tsiron rana kamar awa 6. A watan Janairu, lokacin da hazo yakan rufe Kaduna har da ƙyar ake hango ƙetaren kogi, gara a ƙara masa lokaci.

A tsinke ganyen, a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya domin ya mutu. Sa'an nan a KASHE WUTA. Sipirit yana kama wuta nan da nan, ga shi harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai da rana. Yana tafasa a kusan digiri 78, ruwa kuwa sai 100, saboda haka tsayar da kwalbarsa cikin ruwan zafin kawai ya isa ya fitar da koren ganyen. A ɗauraye ganyen da ruwan ɗumi don ya yi laushi, a shimfiɗa shi, a ɗiga aidin.

Inda rana ta taɓa zai koma shuɗi mai duhu, kusan baƙi, kamar yadda dafaffen rogo yake yi da aidin. Inda takarda ta rufe zai tsaya ruwan ƙasa. Wannan wurin da aka rufe shi ne shaidarka: ganye ɗaya ne, ruwa ɗaya, iska ɗaya, haske kaɗai ya bambanta. Masu gyara takardun WAEC suna son su ga ka faɗi wannan dalili.

Idan ganyen ya yi baƙi gaba ɗaya, kada ka kwafi amsar littafi. Rubuta abin da idonka ya gani, ka duba ko haske ya shiga kabad ɗin, ka mai da tsiron duhu, ka sake.