Kunya a Damagaram: garkuwar jiya, shamakin yau

Duk wanda ya tashi cikin lungunan Birni, a inuwar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, ya san akwai maganar da ba a yi a tsakar gida. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ango in ya hango surukinsa sai ya sake hanya. Wannan ita ce kunya, kuma ita ce ta shata mana iyakar abin da ake iya faɗi game da zaman mace da namiji. To amma kunyar nan da muka gada, shin har yanzu tana kare ɗiyanmu kamar yadda ta kare iyayenmu?

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a gane cewa abin kunyar wani adon wani ne. Tun zamanin ayari, Zango ke saukar da baƙi daga Abzin. A wajen Abzinawa namiji ne ke rufe fuska, mace kuwa ita ke da bukkar da ake zama ciki, in aure ya mutu da abarta take tashi. Suna da taron hira da ake kira ahal, inda samari da ƴan mata ke zama ana kiɗa ana baitoci, babu mai ganin aibu. Fulanin Woɗaaɓe kuma, a wasan gerewol, samari ne ke kwalliya su jeru, ƴan mata su zaɓi wanda ya fi kyau. Amma su ɗin nan suna da tasu kunya mai tsanani tsakanin iyaye da ɗan fari.

A ƙasar Uganda, wajen ƙabilar Baganda, gwaggo ce da suke kira senga al'ada ta ɗora ma nauyin koya ma budurwa sirrin ɗaki kafin a kai ta. A Turai sun miƙa aikin ga lakwal: dokar Faransa ta 2001 ta tanadi zama 3 kowace shekara don yi ma ɗalibai bayani, Holan kuma ta wajabta darasin a 2012. Ke nan babu al'ummar da ta bar wannan sha'ani haka kawai. Kowace ta zaɓi wanda zai yi magana, da lokacin da za a yi ta, da wurin da ya dace.

Kakanninmu ba bebaye ba ne

Mu ma haka muke. Kunya ta rufe bakin uwa da uba, amma ta buɗe na wasu. Kaka tana wasa da jikanta, cikin wasan nan take gaya mata abin da uwa ba ta iyawa. Gwaggo da arwanka su ke gyaran amarya, su yi mata huɗuba tun tana cikin lalle. Ungozoma na lura da mai ciki, wanzami na sauraron koken maigida. Malami kuwa, in an zo babin tsarki da haila da idda cikin littattafan fiƙihu, fayyace komai yake yi, don sanin addini ba a yi masa nauyin baki.

Har tazarar haihuwa al'ada ta tanada. Mai haihuwar fari gidansu take komawa wankan jego na kwana 40, wani lokaci ta daɗe fiye da haka. Wadda ta yi ciki tun ba ta yaye na goye ba, a ce ta yi kwanika, ita da mijin su sha gori wajen tsofaffi. Gorin nan shi ne maganin da ke hutar da uwa, ya bar jariri ya ƙoshi da nono.

Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya ba da labarin tsarance, wato hirar dare tsakanin saurayi da budurwa a ƙasar Hausa ta da, bisa sharaɗin ba za a ƙetare iyaka ba. Yau ba mai yarda da wannan. Al'ada dai ba dutse ba ce, tana sakewa da zamani.

Shirun da ya rage

Abin da ya faru shi ne, masu magana sun ragu, shirun ya tsaya. Ma'aikaci an yi masa canjin aiki zuwa Yamai ko Agadas, ya tafi da amarya nesa da kaka da gwaggo. Ɗan kasuwa na kan hanya tsakanin Kasuwar Dole da Kano. Samari sun koma ɗaukar karatu a fada da cikin salula, wajen waɗanda ba su fi su sani ba.

Shirun nan yana da tsada. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su tun ba su cika 18 ba, kuma a ƙiyasi mace guda na haihuwar ɗiya 7,6. Yarinya ƙarama ta kwana biyu tana naƙuda tana cije baki, don kuka abin kunya ne, kuma ba ta fita zuwa likita sai da izinin mijin da bai san haɗarin ba. Daga nan ake samun yoyon fitsari, wani lokaci har a rasa rai. Cutar sida ma, wadda aka fara ganowa a Nijar a 1987, cikin irin wannan duhu take yaɗuwa.

Kuma in abu ya ɓaci, mace ake nuna ma yatsa. A daminar 1992, da ruwa ya yi jinkiri, an far ma mashaya da gidajen mata masu zaman kansu a nan Damagaram. Ba a ji an nemi mazan da ke zuwa gidajen ba.

Maganar maza a bakin maza

Sai dai a wannan jaha ce kuma aka gano wata mafita. A 2008, da taimakon asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka buɗe makarantun mazaje guda 11 na gwaji. Babu allo, babu mushe. Magidanta ne da gari ya yarda da halinsu ke zama sau 2 a wata, su tattauna awon ciki, da haihuwa a likita, da tazara tsakanin ɗiya, sa'an nan su bi ƴan uwansu maza da lallashi. In magana ta shige musu duhu sai su kira ungozomar likita ko malami. Dabarar ta bazu zuwa sauran jahohi, har wasu ƙasashen maƙwabta suka ara.

Sirrin abin shi ne ba su yaƙi kunya ba, ta ƙofarta suka shiga. Abin da namiji ba ya iya ji daga bakin matarsa, yana iya jin sa daga bakin tsaransa a gindin bedi.

Saboda haka, ya kai maigida, ba a ce ka zubar da girmanka gaban ɗiyarka ba. Amma ka tambayi kanka: a gidan nan, wa ke riƙe da aikin da gwaggo ke yi jiya? In babu, ka nemo. Ka ba uwargida izinin zuwa awo tun kafin ka ɗauki hanya, ka bar kuɗin mota a hannunta. Kunya ta gari mutunci take karewa, ba ta hana ceton rai. Allah ya sa mu gane.